Safiyar da motar Baba ta ƙi tashi

Shekarun baya, lokacin muna zaune a Kubwa, Allah ya yi wa mahaifina rasuwa, ya bar motarsa a tsakar gida. Tsohuwa ce, amma ya riƙe ta da kyau. Ranar sadakar uku kawuna ya tara mu ya ce motar nan ta zama kayan gado, akwai haƙƙin marayu a cikinta, kada wanda ya taɓa ta sai an raba. Mu kuma muka bi maganar fiye da yadda ya faɗe ta. Aka rufe ta da tampol, aka miƙa wa mahaifiyata makulli, ko ɗan ɗumama injin babu wanda ya ƙara yi. Haka damina ta ƙare a kanta, har mahaifiyata ta fita takaba.

Da aka zo rabo sai aka tsayar da shawarar a sayar. Mai saye ya ce zai zo ranar Asabar bayan azahar ya ja abarsa. Ana gobe zai zo, mahaifiyata, wadda tun rasuwar ba ta roƙi kowa komai ba, ta miƙo mini makullin.

"Gobe da safe ka tayar mini da motar nan kafin su zo."

Na ce an gama, da ƙarfina, kamar wanda ya san abin da yake faɗa. A zatona so take in zaga da ita gidajen 'yan'uwa ta yi godiyar ta'aziyya a motar mijinta, karo na ƙarshe.

Da safe na yaye tampol, ƙadangaru suka watse. Na shiga na murɗa makulli. Ƙat-ƙat-ƙat. Na sake murɗawa da bismillah, ta sake ba ni amsa iri ɗaya. Ni kuwa ma'aikacin ofis ne, iyakar sanina da inji zuba ruwa. Na buɗe bonet na tsaya ina kallo, hannu a ƙugu, don dai a ga ana wani abu.

Na kira abokina a waya. Ya ce in kunna fitila in danna ham. Fitila ta kawo da ƙyar, ham kuma ya yi kuka kamar akuya marar lafiya.

"Batir ne, malam," in ji shi. "Duba kan batir, idan ya yi farin gari ka zuba ruwan zafi ka kankare."

Farin garin kam ya taru. Na zuba, na kankare da wuƙa, na ɗaure. Ƙat-ƙat-ƙat. Ya ce to wataƙila kik ne, wato abin da ke tayar da injin, ya liƙe, in buga shi da sifana. Na bubbuga wani ƙarfe da nake kyautata zaton shi ne, har yau ban tabbata ba.

Ana haka maƙwabcinmu ya leƙo. Dattijo ne ɗan Gbagyi, manomin doya, shi coci yake zuwa amma shi da Baba ba a jin kansu.

"Oga, wannan mota turawa yake so," in ji shi. "Kai shiga, mu za mu tura."

Kafin ka ce kwabo mazan layinmu sun taru. Aka fito da ita, aka gangara da ita har bakin kwalta, kowa ya jiƙe sharkaf. Sai wani ya ɗaga murya daga baya: "Sa ta a giya biyu ka saki kuloci!" Na duba ƙafata, babu kuloci. Otomatik ce. Dukanmu mun san haka, mun shekara muna shiga motar nan, amma da aka ce a tura babu wanda ya tuna. Mayar da ita gida a hawa ya fi komai wuya.

Rana ta ɗaga. Mai saye ya kira ya ce ya taso daga Karmo. Na hango mahaifiyata a bakin ƙofa.

"Idan ta ƙi ka bar ta," in ji ta a hankali. "Kada ka wahalar da mutane."

Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Abu ɗaya ta roƙe ni, ga shi zai gagare ni.

Maƙwabcin nan ya fita. Jim kaɗan sai ga shi da batir a kafaɗa. Na a-kori-kurarsa ne ya ciro, alhali ta riga ta cika da doya za ta kasuwa. Na ce, "Baba, kasuwar fa?"

"Doya ba zai gudu ba. Babanka mutumina ne. No wahala."

Muka cire namu muka ɗora nasa. Na murɗa. Injin ya ja numfashi, ya yi tari, ya sake yi, sai ya ɗauka. Hayaƙi ya turnuƙe gidan, mutane suka yi ihu.

Na zaga na buɗe wa mahaifiyata ƙofar gaba. "Mama, bismillah. Ina za mu fara zuwa?"

Ta girgiza kai. "Babu inda za ni. Ka dai bar ta tana yi."

Ta juya ta shige kicin, ta buɗe taga. Na bi ta na tsaya a bakin ƙofa. Ta ba ni baya, ta dafa kantar kicin ɗin da hannu biyu.

"Kullum da safe daga nan nake jin ta," in ji ta. "Idan ya tayar, na san lokacin juye shayi ya yi."

Na koma waje na zauna kusa da dattijon. Na gaya masa abin da ta ce, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, bai ko yi zancen batirinsa ba. Motar ta yi ta yi har mai saye ya iso.

Har yau idan na tuna safiyar nan zuciyata takan yi nauyi. Duk tsawon takabar muna gidan tare da ita, muna takawa a hankali, muna rage murya, ko rediyo ba ma kunnawa don kada mu dame ta. Ashe shirun ne yake damunta.