Buhun Geron da Aka Kai wa Inna

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da Inna ta aiko ƙanena daga ƙauyenmu na wajen Sandamu, wai in zo tana nemana ba. A shekarun farko na Shari'a ne, bayan girbi. Lokacin ina mataimakin jami'in al'adu a Daura, kuma an sa ni cikin alƙalan gasar wasan kwaikwayo ta ƙungiyoyin matasa. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya, ku saurara da kyau.

Ga yadda tsarin yake. Alƙalai uku ne, kowa da ƙuri'a ɗaya: shugaban sashenmu, wani malamin sakandare, sai ni. Ana yin wasa da rana a babban ɗakin taro na makaranta, maza gefe, mata gefe. Ƙungiyar da ta ci ita ke zuwa Katsina ta wakilci masarauta. A lokacin kuwa wasan kwaikwayo yana cikin tsaka mai wuya, domin iyaye da yawa sun fara cewa shashanci ne.

Ƙungiyoyi biyu suka kai ƙarshe. Ɗaya ta cikin gari, wadda Alhaji Mamman mai motocin haya ke ɗaukar nauyinta. Ɗaya kuma daga Zango, ta wani tela mai suna Idi da abokansa. Dattawan unguwarsu sun riga sun gindaya wa Idi sharaɗi: in hukuma ta shaida wasansu faɗakarwa ne ta ba su na ɗaya, su ci gaba, in ba haka ba, kowa ya kama sana'arsa. Idi da bakinsa ya gaya mini.

Na isa ƙauye na tarar da Inna cikin fara'a. A jikin bangon ɗakinta ga buhun gero a jingine, ga turmin atamfa a kan gado. Ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana.

"Malam," ta ce, "ashe kana da aminai masu albarka ka ɓoye mini? Wani Alhaji Mamman ya aiko direbansa har nan. Ya ce gaisuwa ce kawai, yaransa suna da wani wasa a hannunka. To, kada ka ba bawan Allah kunya."

Kai jama'a! Ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da ko sallama ba ta taɓa haɗa mu ba, shi ne ya binciko ƙauyenmu, ya binciko ɗakin tsohuwata. Da ofis ya kawo mini, wallahi da a gaban masinja zan mayar masa. Ya san haka, shi ya sa ya bi ta ƙofar da ba ni da ikon rufewa. Wane ɗa ne uwarsa za ta ce kada ka, ya ce sai na yi?

Na daure na ce, "Inna, na ji. Amma ina roƙon alfarma, ki zo Daura ki ga wasan da idonki. Wanda kika ce shi ya fi, shi zan zaɓa."

"Ni da tsufana in je kallon wasan yara?"

"Ai kin riga kin shiga ciki, Inna, tunda an kawo miki gero."

Ta harare ni, amma ta zo. Matata ta zaunar da ita a sahun gaba na ɓangaren mata.

Yaran Alhaji suka fara. Kaya sababbi fil, ga lasifika, ga janareta yana ta ruri. Labarin kuwa babu kai babu gindi: ihu, guje-guje, wani ya faɗi a yi dariya. Babban ɗan wasansu ya manta maganarsa, sai da aka raɗa masa daga bayan labule, duk ɗakin yana ji. Ko kunya babu, suka cusa yabon motocin Alhaji a tsakiyar wasa.

Sai su Idi suka hau, da rigunansu na gida. Idi ya fito a matsayin tsohon manomi da ido ya mutu masa, yana dogara sanda. Ƙanensa kuma duk damina sai ya tumɓuke gambar da ke kan iyaka ya matsar da ita cikin gonar wan, kaɗan-kaɗan. Wata rana tsohon ya lalubo iyaka da sandarsa, ya ce, "Allah mai iko, gonata ma tsufa take yi, kullum ƙanƙancewa take." Na waiga wajen mata, na ga Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Abin da baffanmu ya yi mata ke nan bayan rasuwar mahaifinmu, ba wanda ya sani sai mu.

Kafin mu shiga shawara ta aiko matata da saƙo: "Ta ce ka zaɓi makahon."

Muka shiga ofishin hedimasta mu uku. Shugaba ya gyara hula ya ce a ganinsa ƙungiyar cikin gari ta fi tsari, kuma ita ce za ta fita kunyar masarauta a Katsina. Malamin sakandare yana kallon ƙasa ya ce shi ma haka ya gani. To ni na san an sauke keken ɗinki a gidan shugaba, na kuma ga babur ɗin malam da sababbin tayoyi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, tsakani da Allah wasan da muka kalla ɗaya ne kuwa?"

Ya ce, "Me kake nufi?"

"Ina nufin keken ɗinki."

Ya fusata. "Kyauta ai ba cin hanci ba ce! Roƙa na yi? Matata aka ba, kuma kyautar ba ta taɓa ra'ayina ba ko kaɗan."

Na ce, "To me ya hana kyautar zuwa bara, da ba ka cikin alƙalai?"

Ya ce a kaɗa ƙuri'a. Biyu da ɗaya. Abin da ya fi ƙona mini rai, wallahi na yarda shugaba ya gaskata maganarsa. Ba ya jin an saye shi. Kawai dai da ya tuna Alhaji sai ya ji nauyi, wasan banza ya koma masa mai tsari.

Da aka sanar, ɗakin ya ɗauki gunaguni. Idi ya zo ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, har da shugaba, ya ɗauki sandarsa suka nufi tasha.

A hanyar gida Inna ta ce, "Ashe bakina aka so toshewa da gero, in toshe naka. Tir!" Ta riga ta ɗiba ta yi tuwo, sai ta cike buhun daga rumbunta, ta ɗora atamfar a kai. Ranar kasuwa ta sa aka kai wa Alhaji har tasha, da rana tsaka, a gaban direbobinsa. Kun san a ƙasar nan mayar da kyauta ya fi mari ciwo. Ni kuma ba a sake sa ni alƙalanci ba har na yi ritaya, ban kuma yi kewa ba.

To amma me hakan ya ƙara wa Idi? Ƙungiyarsa ta watse kamar yadda dattawa suka ce. Don haka duk wanda ya ce muku kyauta ba ta juya ƙuri'a, ku ce masa ƙarya yake yi, ko kuma bai san kansa ba. A aikin nan toshiyar baki ba ta zuwa ofis. Gidan uwarka take zuwa, da sallama, da sunan zumunci. In an sa ku alƙalanci, ku fara gargaɗin mutanen gidanku tun kafin ku zauna kan kujera.

Bayan wasu shekaru aiki ya kai ni Zango, na biya shagon Idi. Yana kan keke yana ɗinka kayan sallah, furfura ta fara fito masa. Na tambaye shi ko yana taɓa wasa. Ya yi murmushi, ya nuna mini taga da haɓa. Sandar makahon ce ya tokare murfin tagar da ita, don iska ta shigo.