Tofin da Baba Ya Hana Ni

Ni dai ba a gidanmu aka haife ni ba, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Wajen lokacin da Turawa suka shigo ƙasar Gumel, wata mata ta biyo hanya daga arewa da ni a goye, yunwa ta gama cinye ta. Ta sauka a gidan wani maɗori a ƙauyenmu, kusa da Ɗanzomo, kwana uku ta cika. Maɗorin da matarsa ba su taɓa haihuwa ba, sai suka riƙe ni. Shi ne Baba, ita ce Inna, ban san wasu iyayen ba.

Bayan shekara biyu Inna ta haifi namiji, aka ce ni na zo musu da goshi. Da ƙanen nawa ya ɗan tasa, wan Inna, wanda ke dillancin shanu a Maigatari, ya roƙa aka ba shi riƙo. Shi ya tashi a kasuwar shanu, ni na tashi a zauren ɗori.

Ina ɗan shekara bakwai Baba ya fara da ni. Idan akuya ta karye a gari, sai ya ɗora hannuna a kan ƙafar ya ce, "Rufe idonka, ka ji da yatsa." Na sha ranƙwashi kam, har yau in na shafa kaina ina tuna shi. Amma kafin gemu ya fito mini, na iya raba targaɗe da gocewa da karaya tun mutum yana bakin zaure. Ƙarti biyu su danne, a ja, a mayar da ƙashi mazauninsa, a shafa man shanu, a naɗe da tsumma, a jera karan dawa, a ɗaure da igiyar rama. Sai abu na ƙarshe, wanda Baba kaɗai ke yi: ya sunkuya ya yi tofi sau uku a kan ɗaurin. Duk ƙasar nan an yarda cewa in babu tofin gidanmu ƙashi ba zai kama ba. Shi kuwa tofin, al'adar gidan ita ce, in tsoho ya gaji sai a dama fura a ƙoƙo, ya tofa a ciki, magajinsa ya shanye a gaban dattawa. Daga ranar bakinsa ya zama na ɗori.

Ban taɓa tambayar Baba wa zai sha ba, domin ya riga ya faɗa. Ranar da wata maƙwabciya ta kira ni ɗan tsintuwa a bakin rijiya, har ƙofar gidanta ya taka, ya ce da ita wanda ya ci tuwon gidansa ya tashi a zaurensa, ɗansa ne, kuma shi zai gaje shi. Ba sau ɗaya ya faɗi haka ba. Ni kuwa, wawan Allah, na ɗauki maganar na ɗaure ta a raina.

Da girma ya kama shi, hannunsa ya soma rawa, aikin ya dawo kaina gaba ɗaya. Shekara shida ni ke ja, ni ke ɗaurewa. An kawo mana wani mahaƙin rijiya daga Gagarawa a kan amuku, wato gadon ɗaukar majinyaci, cinyarsa ta karye gida biyu, kowa ya ce ƙafar ta tafi. Wata uku ya koma gida da ƙafafunsa, yana ta yi wa tofin Baba addu'a. Ko a jikina, tunda na san lokacina na zuwa.

Wata kaka, bayan an kai gero rumbu, Baba ya aika Maigatari a kira ƙanena. Na ɗauka shaida zai zo yi. Na wanke rigata, na kai ta aka buga, har aski na yi. Da hantsi liman da mai unguwa da dattawa suka cika zaure, Inna ta aiko da furar. Baba ya karɓi ƙoƙon da hannu biyu, ya tofa sau uku. Wallahi har na fara gusowa a kan gwiwoyina. Sai ƙoƙon ya wuce ta gabana.

Ƙanena ya zaro ido ya ce, "Baba, ni? Ai ga Yaya."

"Sha," in ji Baba.

Ya sha, yana kallona ta saman ƙoƙon. Wani dattijo ya gyaɗa kai ya ce ai dama abin na jini ne, ba a koya. Baba bai dube ni ba, ƙasa yake kallo, ya ce, "Kai za ka ci gaba da ɗaurawa, shi ya riƙa yin tofi." Aka shafa fatiha, ni ma na shafa, ban san me na ce amin a kai ba.

Ban ga laifin ƙanena ba, kuma har ya bar duniya ban riƙe shi ba. Mutum ne da zai dubi haƙoran bijimi ya faɗa maka shekarunsa, amma ya ji ƙashi ya yi ƙas, shi ke nan. Majinyacinsa na farko wata tsohuwa ce da ta faɗo daga rumbu. Ina jan hannun, ta sa kuka, na waiga ban ga magajin gida ba. Can na tarar da shi bayan danga yana amai. Sai da na ba shi ruwa ya kurkure baki, na riƙo shi, ya zo ya tofa. Tsohuwar ta warke, ta aiko masa da zakara.

Na daina cin abinci sosai, na daina hira. Inna ta lura. Wata rana da la'asar tana kaɗi a tsakar gida, ta kira ni, ta ce in zauna. Ba ta ɗago daga mazarinta ba ta ce, "Ka daina cin ranka kana cewa jininka ne bai kai ba. Shi ma Baban naka ba jinin gidan nan ba ne." Ta ce a zamanin hare-hare aka kamo shi yana ƙaramin yaro, aka kawo shi gidan nan. Maigidan na lokacin ya ga hannunsa ya fi na 'ya'yan cikinsa, ya tsallake su ya ba shi furar. An yi surutu shekara da shekaru, sannan masu surutun suka mutu, saura tsofaffi biyu ko uku da ke tunawa.

Da ta bar ni da abin da na sani a da, da ya fi mini sauƙi. A da ina cewa tsoho ne ya yarda da abin da ya gada, ya ji tsoron kada ƙasusuwan mutane su ƙi kamawa. Yanzu kuwa na gane ya fi kowa sanin babu komai a jinin. Shekara arba'in yana tofi da bakin da ba na gidan ba, ƙashi na kamawa.

Na same shi a gindin tsamiyar ƙofar gida yana jan carbi. Ban ko tsuguna ba, karo na farko a rayuwata. Na ce, "Baba, an ce kai ma kawo ka aka yi."

Carbin ya tsaya. Ya ce, "Haka ne."

"To me ya sa ka yi mini haka? Kai da aka yi wa adalci?"

Ya dubi hanya hagu da dama, ko akwai mai jin mu, ya rage murya.

"Sai da na tsufa mutanen garin nan suka manta daga inda na fito," in ji shi. "Da na miƙa maka ƙoƙon nan, a ranar za su tuna."