Kwanukan Maƙwabtan Zulai

Har yau ban manta da ranar da Malam Sabitu tela ya rantse mini a ɗakin awo cewa matarsa Zulai ba ta karya dokar abinci ba. Lokacin ina ƙaramar nas a wani asibiti a Yelwa, ban zama shugabar sashe ba tukuna.

Cikin Zulai ya tsufa, suganta ya hau. Ƙa'idarmu, mai ciki ta zo da safe ba ta karya kumallo ba, mu huda yatsa mu gwada jini. Na tsara mata abinci: tuwo daidai dunƙulen hannunta, ganye da wake da kifi, lemon kwalba kuwa ko a mafarki. Likita ya ce in suga bai sauka ba, jaririn zai yi girman da sai an yi mata tiyata. Zulai kuwa ko sunan tiyata ta ji sai hawaye.

Amma duk gwaji, abu sai gaba yake. Raina ya ɓaci, da na tashi aiki na tari keke na bi su gida.

Gidan haya ne. Ban gama zama ba maƙwabciyarsu Maman Rifkatu ta shigo da masa tana ninƙaya cikin zuma. Bayanta ga Inna mai gidan da kunun gyaɗa, an zabga suga. Ashe labari ya zaga cewa asibiti da miji sun haɗa baki suna horar da mai ciki da yunwa, shi ne kowa ke kawo agaji saboda Allah.

Na ce wa Zulai ta riƙa mayarwa. Ta zaro ido. "Sista, in mayar wa Inna kwano da abinci a ciki? Da wane ido zan kalle ta?"

Gaskiyarta. Na juya ga Malam Sabitu na ce shi zai riƙa cinyewa, a wanke kwano a mayar da godiya. Ya ce don lafiyar iyali zai daure. Ban taɓa ganin mai dauriya yana haɗiyar yawu ba sai ranar.

Suga ya sauka, Zulai ta haihu da kanta, mace, lafiya lau. Wallahi na ji daɗi kamar ni na haihu.

Ku sababbin nas-nas, ku riƙe wannan: kafin ku tsara wa mai ciki abinci, ku tambayi kwanukan da ke shigo mata, da wanda zai cinye su. Bara na hango Malam Sabitu a layin masu ciwon suga, riga ta matse shi. Zulai na gefensa tana nuna masa dunƙulen hannu.