Shagon da Rafi'u ya ba jami'a

Ni Rabi'atu, ban taɓa ganin mutum mai nauyin baki irin Rafi'u, mijin ƙanwata Sauda ba. Sai ka yi masa tambaya uku kafin ya ce maka "to".

A unguwar Kurayyat ta Jidda aka haife shi. Ubansa da ƙafa ya zo hajji daga ƙasar Katsina, ya ƙare yana dako a mina, inda jiragen ruwa ke sauke kaya. Can Rafi'u ya fara aiki, daga ɗaukar buhu har ya zama mai duba kaya. Da aka buɗe jami'a a Jidda, sai ga shi ya shiga, da furfura a gemu. Muka yi ta dariya. Kullum ya tashi aiki sai ɗakin littattafai, rigarsa na warin gishirin teku, kuma ba wanda ya taɓa yamutsa masa fuska. Wannan abin ya zauna masa a rai. A 1974 ya gama.

Bayan shekara biyu, sai ga Sauda a gidana da ƙunshin kaya, ido ya kumbura.

"Yaya, shagon nan na kasuwar Balad Rafi'u ya yi wakafinsa wa jami'a. A bakin maƙwabta na ji. Shekara ashirin ban haihu ba, ai gaskiyarsa ne. Wa zai bar wa?"

Wannan shagon shi ne duk abin da suka mallaka, da hayarsa ake cefane. Raina ya ɓaci, wallahi. Na ja mayafi na same shi a tsakar gida yana shan shayi.

"Kai Rafi'u, karatun ne ya kai ka ga haka? Ka mutu gobe, yarinyar nan ƙasa za ta ci?"

Ya sunkuyar da kai. Ya shiga ɗaki ya fito da takardar mahkama, wato kotu, mai hatimi, ya miƙo min da hannu biyu.

"Yaya, a karanta miki."

"Kai ba ka da baki ne?"

Ya koma kan shayinsa. Kai, mutumin nan!

Ni ba karatu gare ni ba, don haka washegari na kai ta wurin masu rubuta takardu a ƙofar mahkama. Wani tsoho ya gyara tabarau ya karanta, na ce ya maimaita a hankali. Shagon ya zama wakafi, ba saye, ba sayarwa, ba gado. Hayarsa kuwa duka ta Sauda 'yar Yahya ce muddin tana numfashi. Sai bayan ranta za ta koma sayen littattafai wa ɗaliban jami'a.

Tsohon ya dube ni ya ce, "Hajiya, da gado aka raba, rubu'i kawai za ta samu, sauran na 'yan'uwansa ne."

Na zauna daɓas a kan dakali. Kunya ta kama ni, ga haushi. Ashe kara ce ta hana shi duban matarsa ya ce ga abin da na yi miki. Gara ta tafi da fushi da ya furta.

Na gaya wa Sauda. Ta yi kuka har da shessheƙa, sannan ta ɗaure kayanta ta ce, "Yalla, raka ni, bai ci abincin kirki ba kwana biyu." Ta shiga ta ɗora tukunya, shi kuma ya ce mata sannu da zuwa. Halas, shi ke nan, ba wanda ya sake ta da zancen.

A 1979 Allah ya yi masa rasuwa. Bayan bakwai ƙannensa biyu suka zo maganar shago, aka nuna musu takarda, suka tafi suna ƙunƙuni. Da suka fita, Sauda ta riƙe takardar a cinya, ita ma ba ta iya karatu ba. Ta ce, "Yaya, nuna min inda sunana yake."

Ban sani ba. Sai muka bi layukan duka da yatsa.