Gajere da Ƴan Kamiyo

Kakana Gajere dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga ƙofofin garinmu Belbeji, har da waɗanda ya gina da hannunsa. Maginin ƙasa ne. Ya fi shekara arba'in yana kwaɓa laka, amma duk cikin gininsa ba wanda yake ji da shi kamar soron da yake kwana, mai kaurin bango kamu biyu. Ni Fa'iza a nan na yi rarrafe, a nan nake kai masa fura yana ce mini amaryar da ba ta iya damu ba.

Da kawuna Abdulgafar ya dawo daga Agadez da abin hannunsa, sai ya tada ɗaki biyu na siminti a tsakar gida, ya rufe su da kwano. Ya ce kafin damina za a rushe soron a yi na uku. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma wa ya tambaye ni?

Siminti bai zo shi kaɗai ba. Wasu irin tsaka suka bayyana a sabon bango, farare sirara, ba kamar namu masu kaushin baya ba. Kaka ya ce motar kaya ce ta kwaso su daga kudu, ya raɗa musu ƴan kamiyo, don kamiyo muke ce wa motar kaya. Kowa ya ga tsaka takalmi yake nema. Shi kuwa kujera yake jawowa ya zauna kallo. Lokacin sanyi ya ga suna wayar gari a sandare jikin siminti, ko da kara ka taɓa su da ƙyar suke motsi. Sai ya jira bazara.

Ran nan bayan azahar, rana ta take, kwano har ƙara yake don zafi, ya kira kawu.

"Abdulgafar, zo ka gwada mini ƴan hayarka."

Kawu ya duba ɗakunansa lungu-lungu yana sharce gumi, ko ɗaya babu. Kaka ya kama hannunsa ya ja shi soro, ya nuna masa azara. Ga su nan reras sun lafe, sun fi goma, har da namu na gida a gefe.

"Ka gani? Baƙi ne, ba su san ni ba, ba kunyata suke ji ba. Daga ɗakin tol ɗinka, mai rufin kwanon nan, suka gudo. In ka rushe nan, su ina za su, ni ina za ni?"

Kawu ya yi dariya har ya zauna a tabarma. Bai tashi ba sai la'asar, barci ya kwashe shi. Daga ranar ba a sake maganar rushewa ba.

Kaka ya ƙara shekara huɗu a soronsa, duk shekara da kansa yake yaɓe kafin ruwa ya sauka. Allah ya ji ƙansa, har yau ina kewarsa. Bayan rasuwarsa kawu ya hana kowa taɓa ɗakin, ya yi ta cigiyar mai yaɓe har garin Tarka, duk wanda aka samu sai ya ce shi bulo ya koya.

A damina ta uku rufin soron ya rufta. Ba wanda ya rushe shi. Mu dai duk gidan ba wanda ya taɓa tsayawa ya koyi kwaɓa laka.