Gidan da Baba Inci Ya Gina a Kan Taya

Baba Inci, kamar yadda ake kiransa a layin kafintoci, an haife shi ranar sha huɗu ga watan Maris na shekarar 1952. Halinsa ne ya jawo masa laƙabin: ba ya ɗora zarto a kan katako sai ya auna sau uku, kuma idan ƙofa ta kauce da faɗin farce, cire ta yake yi ya sake. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana haɗa gadaje da kabad, ba a taɓa dawo masa da aiki ba.

'Ya'yansa uku duk aiki ya watsa su garuruwa masu nisa. Autarsu, ma'aikaciyar jinya, ita ta fi nisa, tafiyar kwana biyu a mota. Matarsa kuwa ciwon baya ya kama ta, har ta kai ba ta iya zaman kujera na awa guda. Yaran sukan zo gaishe ta, su kwana biyu su koma, amma ita ba ta taɓa taka gidan ko ɗayansu ba. Abin da ke ranta ke nan, musamman gidan autar. Tana so ta ga inda yarinyar take girki da inda take shanya, ta zauna a ɗakinta ko da yini ɗaya ne.

Da ya ajiye aiki, sai ya sayi wata tsohuwar bas da wata makaranta ta daina amfani da ita, aka jawo ta filin da ke bayan shagonsa. Ya bayyana wa matar shirinsa filla-filla: zai cire kujerun, ya sa mata gado inda za ta yi tafiyar a kwance, ya yi wurin girki da makewayi, sannan su zaga yaran, wata guda a ƙofar kowa, ba tare da sun takura wa kowa a ɗaki ba. Ta yi dariya har bayan ya motsa mata. Ta ce ta auri kafinta, ga shi da tsufa an mai da ita matar direba.

Cikin wata biyu bakanike ya tashi injin. Saura aikin katako, kuma a nan Baba Inci ya yi abin da hannunsa ya saba. Ya zaɓi maɗaci mai kauri, irin wanda ake yi wa gidan da jikoki za su gada. Ya auna tsayin gadon daidai gwiwarta don kada ta wahala wajen sauka. Ya sa wa kowace durowa sakata saboda gargada. A can baya kuma ya kafa wani babban kabad mai ƙofa uku, daga ƙasa har rufi, wanda ya ci masa wata huɗu shi kaɗai. Kafintocin layin sukan leƙo su shafa shi, su fita suna girgiza kai.

Da la'asar matar takan dogara sanda ta zo ta zauna a matakalar bas ɗin tana kallonsa.

"Malam, ni fa ba a cikin kabad zan kwana ba. Shimfiɗa mini katifa a ƙasa mu kama hanya."

"Matar kafinta a ƙasa? Ki bari, uwar yara, saura kaɗan."

"Tun bara nake jin saura kaɗan ɗin nan. Ya kusa yaye."

Sai da aka shekara biyu aikin ya kammala. Ranar gwaji ta sa sabon zane, ta hau gadon ta kwanta, ta ce a buɗe mata taga. Bas ta fita daga filin lafiya. Amma da suka kai gangaren ƙarshen layi, sai bayan motar ya zauna, ƙarfe ya kartsi kwalta, tayoyin baya suka fara gogar jikin motar har ƙaurin roba ya tashi. Da ƙyar aka lallaɓo da ita gida. Bakanike ya shiga ƙarƙashi ya daɗe, ya fito ya ja Baba Inci bayan motar suka yi magana su biyu. Da ya dawo, Baba Inci ya tsaya a bakin gadon ya gaya mata cewa katakon ya fi ƙarfin sifirin da ke ɗauke da nauyin motar, dole a kwance komai a sake da mara nauyi. Ta tambaye shi wata nawa. Ya ce takwas.

Ba ta yi faɗa ba. Ta daɗe tana shafa gefen gadon, sannan ta ce aikin ya yi kyau, ta nemi ya miƙo mata sandarta.

Ya koma aiki tun daga fitowar rana har faɗuwarta. Ita kuma ta daina zuwa matakala, domin ciwon ya sauka ƙafafu, daga baya likita ya gano ba baya kaɗai ba ne. A wata na shida ta rasu, ranar wata Talata da hantsi, yana can yana goge murfin durowa. Autar ta iso washegari, ta tarar an riga an kai ta.

Yaran suka ba shi shawara ya sayar da motar. Ya ƙarasa aikin cikin wata biyun da suka rage, bai rage ko ƙusa ɗaya ba, ya tuƙa motar shi kaɗai har ƙofar gidan autar. Motar ba ta ko yi tari a hanya ba. Autar ta gyara masa ɗaki, ya ce ya gode, yana da wurin kwana. Shekara uku ya yi a cikin bas ɗin a gefen katangarta, yana gyara wa maƙwabta kujeru, yana kwana a kan tabarma kusa da gadon. Idan jikokinsa suka tambaye shi dalili, sai ya ce gadon ya yi masa gajarta. A nan ya rasu, yana da shekara saba'in da ɗaya.

Duk wanda ya san labarin yakan ce nauyin maɗaci ne ya hana matar tafiya, haka shi ma yake faɗa idan an tambaya. Abin da bai taɓa gaya wa kowa ba shi ne maganar da aka yi a bayan motar ranar gwaji. Bakanike bai ce a kwance komai ba. Cewa ya yi a fitar da babban kabad ɗin nan kawai, aikin rabin yini, jibi su kama hanya.