Mako Shida Ba Tuwo Ba Nama

Ba na jin akwai ranar da zan manta da bazarar da aka ce ina da ciwon sukari. Ranar Laraba ce, ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safe, a wani asibiti a Maraɗi. Mu uku ne a ɗakin: ni, da matata, da lokotoron da ya duba ni, wani dattijo mai magana a hankali. Ido ne ya kai ni. Aikina karanta labarai da sanarwa a wani ƙaramin gidan rediyo a Gazawa, sai na fara ganin layukan takarda suna hawa kan juna, ga ƙishirwa da ba ta yankewa.

Lokotoro ya ce sukarin ya hau sosai, kuma shi ne ke taɓa idon. Ya rubuta mini ƙwaya, ya ce in bar tuwo da fura da shinkafa da rogo da burodi. Da ya ga babban yatsan ƙafata a kumbure, ya sa aka sake awon jini, ya ce akwai ciwon gaɓɓai da nama ke tayarwa, shi ma in ajiye shi tukuna.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka cire hatsi, ka cire nama. Me ya rage?"

Ya ce, "Ganye, awara, gyaɗa, ƙwai, nono, da wake kaɗan. Ka dawo bayan mako shida. In ya sauka, mu zauna a kan ƙwaya. In bai sauka ba, allura ce kullum, kuma idon nan ban yi maka alkawarinsa ba."

Muka hau mota muka kama hanyar gida, har muka wuce Cadawa. Matata ce ta dube ni ta ce, "Malam, sai dai in ɗaure akuyarmu ta gida da kyau, don yanzu kun zama abokan cin abinci." Na yi dariya, amma a raina lissafi nake yi: mai karanta labarai da ba ya ganin takarda, wane aiki ya rage masa?

Ni mutum ne mai bin ƙa'ida, aikin rediyo ya koya mini haka. Na sayi ƴar na'urar awon sukari, na ware littafi, kullum da safe in huda yatsa in rubuta lamba, in rubuta duk abin da na ci. Da safe ƙwai biyu da kabeji. Da rana kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Da yamma awara da miyar yakuwa ko ta kuɓewa, ina sha da cokali kamar marar lafiya. Yara suna cin tuwon gero a gefena, ƙamshinsa yana duka na, ban taɓa ko loma ɗaya ba. Shayin da muke dafawa a bakin buro, wato ofishinmu, ma na daina zama wurinsa.

Mako ɗaya, mako biyu, lamba ta ɗan motsa ta tsaya. Mako na uku tana nan inda take. Na rame, wando yana zamewa, amma sukari bai san ina yi ba.

Nan ne ruɗani ya shigo. Kowa ya zama likita. Abokin aikina ya rantse cewa tuwon alkama ba ya cikin hatsin da ake hanawa. Wani maƙwabci ya kawo mini ganyen dogon yaro, ya ce ɗaci ne kawai ke kashe zaƙi. Kawuna ya ce barin nama ne ya raunana jinina, ina ma laifin romon kan rago. Wata rana na zargi wake, na daina. Wata rana na zargi gyaɗa. Har na zargi na'urar, na huda yatsan matata don in gwada, lambarta ta fito lafiya ƙalau. Ta ce, "To ka ga, ni mai cin tuwo."

A mako na huɗu aka tura ni horo na kwana huɗu a Maraɗi. Can ma abin da nake ci ke nan: awara wurin wata mai suya a bakin titi, zogale, ƙwai, sai ruwan leda. Safiya ta uku na auna, na ga lamba ta faɗo ƙasa sosai, irin wadda ban taɓa gani ba. Na sake hudawa, haka dai. Na dawo gida da murna. Kwana biyu, ta koma sama.

Yau ina jin kunyar abin da na yi tunani, amma gaskiya ce: na zargi matata. Na ce tausayi ne ya sa take zuba mini wani abu a ɓoye. Bayan la'asar na same ta tana gyaran zogale a gindin bishiya, na zauna da littafina kamar mai bincike.

Na ce, "Ina son ki gaya mini gaskiya. Kina sa garin rogo a kwaɗon nan?"

Ta ajiye faifai. "Ni da nake tashi da asuba in yi girki biyu saboda kai?"

"Abinci ɗaya na ci can da nan. Can ya sauka, nan ya hau. Ki bayyana mini."

Ta karɓi littafin, ta buɗe shafi bayan shafi, don ita ma ta yi lakol, ta iya karatu. Sai ta ce, "Ka rubuta abin da ka ci. Ina abin da ka sha a ɗakin Inna?"

Na ce, "Ai ruwa ne."

Ta ce, "Ruwa ne. To." Ta ɗauki faifanta ta ci gaba.

Inna mahaifiyata ce, ɗakinta yana can ƙuryar gidanmu. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka tun da nake ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta yi mini hira mai tsawo, ba ta tambayar lafiyata kai-tsaye. Abin da ke tsakaninmu ƙwarya ce. Duk lokacin da na shiga gaishe ta, da safe kafin in fita, da rana in na dawo, da yamma kuma, sai ta turo mini ƙwaryar farau-farau, wato ruwan randa mai sanyi da aka dama ɗan garin gero a ciki. A gidanmu ba a ba mutum ruwa tsura a lokacin zafi. Kuma ba wanda ya taɓa lissafa farau-farau cikin abinci. Ni da na hana kaina loma ɗaya ta tuwo, ina shanye ƙwarya guda sau uku a rana ban ko lura ba.

Na shiga wurinta da yammacin nan. Na durƙusa na gaishe ta, ta turo ƙwarya yadda ta saba. A karon farko a rayuwata na tsaya na duba abin da ke ciki. Ya yi kauri fiye da wanda na sani.

Na ce, "Inna, mi aka sa a ruwan ga?"

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Abin da aka saba sawa."

"Kamar ya yi nauyi."

Ta ce, "Mutum ya bar tuwo, ya bar nama, ya koma kiwo. Wuya duk ya fito. Na ƙara dunƙulen fura guda. Sukari dai an ce an hana, ban sa ba. Zuma nike sawa."

Duk Hausar da nake taƙama da ita a rediyo ta gudu. Da ƙyar na bayyana mata cewa gero da zuma, in sun shiga jiki, sukari suke komawa.

Ta ce, "Gero ne ya raini uban wani da kakan wani. Yau shi ne guba?"

Na ce, "Ba guba ba ne, Inna. Jikina ne ya daina iya masa. In na ci gaba, idona zai tafi."

Ta miƙa hannu ta janye ƙwaryar, ta rufe da faifai. "To tashi," ta ce. Na tashi.

Kwana uku ina shiga gaisuwa, ta amsa, ba ta turo komai ba. Lamba ta fara sauka, amma ban ji daɗinta ba. Ina fita daga ɗakin nan kamar baƙon da ba a so. Na yi ta tambayar kaina ko na yi daidai, ko da ma na riƙa karɓa in kurɓa kaɗan in ajiye.

A rana ta huɗu na tarar da ƙwarya a wurinta. Jan ruwa ne a ciki, zoɓo da citta, ba sukari ba zuma. Daga baya na ji cewa Inna ce ta kira matata, ta sa ta lissafa mata duk abin da lokotoro ya yarda da shi, ɗaya bayan ɗaya. Na kurɓa, tsami ya kama mini muƙamuƙi har na runtse ido.

Inna ta kalli bango ta ce, "A shanye. Ba a bar mini saura."

Na shanye.

Abin da na koya shi ne, wannan ciwo ba na mutum ɗaya ba ne, na gida ne. Na yi wa littafi bayani, na yi wa na'ura biyayya, amma ban zauna na yi wa masu ba ni ci da sha bayani ba, kuma abin da mutum ya fi sabawa da shi shi ne wanda idonsa ba ya gani. Da mako shida suka cika na koma Maraɗi. Lokotoro ya ce sukarin bai kai inda yake so ba, amma ya kama hanya, ya ƙara mini wata guda a kan ƙwaya. Ba a kai ga allura ba. An yanka mini tabarau, kuma har yau ni ke karanta labaran ƙarfe ɗaya.